Gyara Kayanka: Abin Da Ma'aikaci Zai Koya A Birnin Zariya

Kowace shekara makarantun ƙasar nan suna yaye samari da 'yan mata masu yawan gaske, kowannensu ya fito riƙe da takardar shaidarsa yana neman inda zai ci abinci. Waɗansu su zama malaman makaranta, waɗansu akawuna, waɗansu su shiga aikin asibiti ko na gona. To, in aka yi shekara goma ka waiwaya ka duba waɗanda suka fita aji ɗaya rana ɗaya, sai ka tarar wani ya yi nisa, ana ba shi amanar manyan al'amura, wani kuwa yana nan daram inda aka ajiye shi tun ran farko, ba abin da ya ƙaru gare shi sai furfura da ƙorafi. Mutane sukan ce sa'a ce, ko kuwa su ce wancan yana da ubangida. Ba mu musun rabo, ba mu kuma musun cewa akan yi son kai wajen ƙarin girma. Amma mu da aikinmu ya zama horon malamai da bin su aji muna duba yadda suke koyarwa, mun daɗe da lura da wani hali guda wanda ya fi kome raba waɗannan mutane biyu, watau yadda kowannensu ke karɓar gyara sa'ad da aka ce masa aikinsa bai yi ba, da kuma haƙurin da yake da shi na barin aiki ya bi matakansa.

Wanda yake so ya ga amfanin wannan hali da idonsa ba sai ya ƙetare teku ba. Ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya miƙe har ƙofar fada, ya nemi a nuna masa abin da ya rage na tsohon Masallacin Juma'a. An gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, maginin kuwa shi ne Malam Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Har yanzu akwai unguwa a birni mai amsa wannan suna. Ba siminti a aikinsa, ba ƙarfe. Ƙasa ce da azara da igiya, amma da su ya ɗaga rufi mai tsawon da mutum zai ɗaga kai sai hularsa ta nemi faɗuwa, ginin kuma ya yi fiye da shekara ɗari yana ɗaukar ruwan damina.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan yadda ake irin wannan gini, gama a nan darasin yake. Azara, watau itacen giginya da aka tsaga, gara ba ta cika cinta ba, amma tana da iyaka: in tazarar da za ta ƙetare ta wuce kamar ƙafa shida, sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. To, yaya za a rufe ɗaki mai faɗin ƙafa ashirin ko fiye? Dabarar maginan Hausa ita ce bakan gizo. Daga wannan bango a kafa azara ta ɗan leƙo ciki, daga wancan bango ma haka, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, sa'an nan a janye hannu a jira ta bushe. In ta bushe sai a ɗora wani sahun azara a bisa na farko, ya ƙara leƙowa, a ɗaure, a yaɓe, a sāke jira. Haka za a yi ta yi har ƙafafun nan biyu su gamu a tsakiya. Maginin da ya ƙosa ya ɗora sahu na biyu bisa ɗanyen na farko, lalle ba ranar zai ga sakamakon ba. Ginin zai tsaya kamar lafiya lau, a biya shi ladansa, a yi masa godiya. Sai damina ta biyu ko ta uku, tsakar dare, rufi ya rufto bisa mutanen gida.

Tun kafin a kai ga azara ma jira ne ke bin jira. Ƙasar gini sai an jiƙa ta an cakuɗa da ciyawa, an tattake, an bar ta kwanaki ta ruɓa. Tubali sai an mulmula shi da hannu an shanya ya bushe sarai. Bango kuwa ba a ɗaga shi rana ɗaya. Yaron da aka kai koyon gini yakan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa, daga nan ya kai ga yin tubali da jefa wa magini shi bisa katanga, ya daɗe a haka kafin a yarda ya ɗora ko guda ɗaya da hannunsa. Ran da ya fara ɗorawa kuwa, in maigidansa ya hango sahun ya karkace, ba ya tsayawa dogon bayani, tura shi yake ya zube, ya ce a sāke. Yaron da ya yi fushi ya tafi gida, iyakar gininsa ke nan. Wanda ya sunkuya ya tsince tubalan ya tambayi inda ya kauce, shi ne wata rana za a kira shi ɗaurin guga a zauren sarki.

Ana ba da labari cewa daga baya wani Sarkin Birnin Gwari ya sa Babban Gwani ya gina masa masallaci, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da yawa, abin da yake nunawa dai shi ne girman da aikin mutumin nan ya yi a idon jama'a. Wani masanin gine-gine mutumin ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi filla-filla, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka yi sabon ginin zamani wanda ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon.

Maɗinkan birni ma haka sha'aninsu yake, Zariya kuwa ta yi suna da aikin babbar riga. Aska takwas ko malum-malum, sai mai zane ya fara fitar da surar da alƙalami da tawada bisa ƙyalle, sa'an nan mai allura ya bi, mako da makonni, wani lokaci watanni. In ya kauce wa zane, warwarewa zai yi, ko da kuwa aikin kwana uku ne.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen masu sana'ar hannu ne, bai shafi mai alƙalami da tebur ba. Ga Alhaji Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama malami a Midil ta Katsina. A 1933 Dokta Rupert East, wanda ke shugabancin ofishin fassara da talifi a Zariya, ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyu wanda littafinsa ya shiga hannun 'yan makarantar Arewa duka, ai da ya ce ya gama iyawa, da ba a rasa masu tayā shi faɗa ba. Amma a 1936 da aka nemi aronsa zuwa Zariya, sai ya zo ya zauna wajen wata shida ƙarƙashin East. Aka tara masa littattafan tatsuniyoyi na Larabawa da na Indiya da na Turai, yana karantawa, yana rubutawa, suna bin abin da ya rubuta tare ana tankaɗe da rairaya. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda har yau ba a fasa karanta shi a makarantu ba.

Abin lura a nan, Imam ya fi East jin Hausa nesa ba kusa ba, ita ya tashi da ita. Da yana da girman kai, da sai ya ce yaya Bature zai gyara mini harshena? Amma ya gane akwai abin da mutumin nan ya sani wanda shi bai sani ba tukuna, watau yadda ake tsara littafi, da inda ya kamata a taƙaita, da abin da ɗan makaranta zai iya ɗauka. Ya karɓi wannan, ya riƙe Hausarsa. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi aka ɗauka ya zama editanta na Hausa. A 1943 ya tafi Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da su Dokta Nnamdi Azikiwe, har ya gana da Lugga ya faɗa masa damuwar mutanen Arewa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Jure gyara bai mai da shi mai rusunawa ga kowace magana ba. Ya rasu a 1981.

To, mu komo kan namu. Ɗalibin kwalejin horon malamai yakan fita gwajin koyarwa, mai duba shi ya zauna a bayan aji, in an tashi ya ce masa ya cika sauri, ko ya juya wa yara baya yana magana da allo, ko kuwa tambayoyinsa duk yaran sahun gaba yake yi wa. Tun daga fuskarsa a wannan lokaci akan gane abin da zai zama. Wani kafin ka rufe baki ya kawo dalili uku: yaran ne dakikai, alli ne ya ƙare, lokaci ne ya yi kaɗan. Mai yiwuwa ne duk gaskiya ya faɗa, amma mako mai zuwa za ka same shi da kuskuren nan dai. Na biyu yakan ce to, to, ranka ya daɗe, alhali bai ji kome ba, so yake ka tafi. A ganina wannan ya fi na farko wuyar magani, domin mai gardama ko ba kome ka san abin da ke ransa. Na uku shi ne mai cewa a nuna masa yadda ya kamata ya yi, ya kuma rubuta.

Wannan rubutawa ba ƙaramin abu ba ne, ina kuwa ba kowane sabon ma'aikaci shawara ya sayi ɗan littafi na musamman dominta. Duk gyaran da aka yi masa, a aji ko a ofis, ya rubuta shi da kwanan wata. In ya yi wata uku ya buɗe ya karanta, zai ga abin mamaki: gyare-gyaren da yake tsammani guda talatin ne, ashe guda uku ne ko huɗu suke ta komowa cikin tufafi dabam-dabam. Waɗannan su ne karkatattun sahunsa, su zai rushe. In kuma gyaran ya zo da zafi har ransa ya ɓaci, kada ya mai da jawabi ran nan. Ya kwana tukuna. In gari ya waye yana ganin har yanzu shi ke da gaskiya, sai ya koma cikin ladabi ya kawo hujjarsa, gama na gaba ma yakan yi kuskure, kuma shugaba na kirki ya fi son a nuna masa tun takarda ba ta fita ofis ba.

Akwai kuma masu neman tsallake sahu. Yaro bai yi shekara biyu a aji ba yana neman a ba shi hedimasta, akawu bai iya ajiye fayil inda za a same shi ba yana hangen kujerar sakatare. Akan sami wanda ya dace aka ɗora shi, ya hau da ɗanyen sani, na ƙasa da shi su gane bai iya ba tun makon farko, daga nan sai ya koma tsare girmansa da tsawa, ba kuwa mai ƙara gaya masa gaskiya.

Manya kuma suna da nasu laifi, ba za mu rufe ido a kansa ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma akwai shugabannin da gyaransu sauke mu raba ne ƙuru-ƙuru: a tsawata wa malami gaban ɗalibansa, a jefar wa akawu da takarda gaban baƙi, a ja jan layi bisa aikin mutum ba tare da an ce masa ga abin da ake so ba. Maginin da ke ture sahun yaronsa yana bisa katangar nan tare da shi, rana na dukansu su biyu, in ya ture kuwa sai ya ɗauki tubali ya ɗora guda biyu uku yaron na kallo. Hedimastan da ya ga sabon malami ya kasa koyar da kasafi a aji huɗu, abin da ya kamace shi ya jira a tashi, ya kira shi ofis su biyu, gobe kuma ya karɓi allin ya koyar da darasin nan da kansa, malamin na zaune a bayan aji da ɗan littafinsa.