Kwanakin farko na mai aikin sa kai a baƙuwar ƙasa

A unguwar Harborne da ke birnin Birmingham akwai wani tsohon gida mai suna Harborne Hall, inda ƙungiyar VSO ta yi shekaru tana horar da masu aikin sa kai kafin su tashi zuwa Afirka da Asiya. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya da injiniyoyi sun kwana a gidan, kuma wasunsu arewacin Nijeriya suka nufa.

Alec Dickson da matarsa Mora ne suka kafa ƙungiyar a 1958. A tsarinta na shekarun baya, mutum yakan yi shekara biyu a inda aka tura shi, yana karɓar ɗan alawus gwargwadon abin da takwarorinsa na ƙasar ke samu. Wato ba zaman otal zai yi ba. Kasuwar da maƙwabtansa ke ci ita zai ci.

Don haka ne horon bai tsaya ga sana'ar mutum ba. Akan yi bayanin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da tafasa ruwan sha, wasu har da koyon tuƙa babur. Amma babban darasin shi ne haƙuri da saurare.

Wanda ya baro ruwan sama da sanyin Manchester ya sauka a Kano cikin watan Afrilu, zafin da kan wuce digiri 40 ne zai fara yi masa maraba. To sai dai jiki kan saba cikin 'yan makonni. Abin da ya fi wuya shi ne sanin yadda ake zama da jama'a. Baturen da ya shiga ofis ya fara maganar aiki ba tare da tambayar kwana da gajiya da iyali ba, ya yi ɓarna tun bai fara gyara ba. Haka kuma wanda ya shiga gari bai je gaida mai unguwa ko dagaci ba, ko ya miƙa abu da hannun hagu, ko ya sa taro a lokacin sallar Juma'a. Hausawa dai sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Abin da ke tattare da waɗannan kwanaki ba ƙarami ba ne. Idan jama'a ba su amince da baƙo tun farko ba, rijiya ko ajin da ya kafa kan mutu da zarar ya koma gida.

Biranen biyu dai sun daɗe da wannan harka. A Birmingham aka kafa Islamic Relief a 1984, wadda ta fara aiki a Nijar lokacin ƙarancin abinci na 2005, a Manchester kuma aka kafa Human Appeal a 1991.

Tsarin ma ya sauya. Shirin ICS na gwamnatin Birtaniya, wanda aka soma a 2011, ya riƙa haɗa matasan Birtaniya da takwarorinsu 'yan ƙasa, ciki har da Nijeriya, su zauna a gidajen jama'a. Annobar korona ta tsayar da tura su a 2020. A yau VSO ta fi dogara ga 'yan ƙasa, waɗanda ba sai an koya musu gaisuwa ba.