Teburin Kogi Daga Katakon Bagaruwa

Duk wanda ya san Mai Wurno da ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu ya san dazuzzukan bagaruwa, wadda Larabawa ke kira sunut. Tun zamanin Turawa ake yanka ta don shimfiɗa layin dogo. Katakon da ya karkace kuwa, sai a bar wa masu gawayi.

To, irin wannan karkataccen katako shi kafintocin Amurka da Turai ke nema. Sukan tsaga shi gida biyu a tsaye, su juya gefen ɓawon ya fuskanci juna, su bar rata a tsakani. Sa'an nan su tsiyaya wani ruwan ƙaro mai suna ifoksi, wanda aka rina shuɗi, ya daskare kamar gilashi. In ka gani, sai ka rantse kogi ne ya ratsa teburin.

Amma fa kafintocinmu a yi hattara. Ɗanyar bagaruwa tsagewa take yi. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce shekara guda a inuwa ga kowane inci na kauri. Shi kuma ifoksi zafi yake fitarwa in yana daskarewa. A zafin Sinnar na watan Afrilu, in aka malala shi gaba ɗaya, fashewa zai yi. A zuba kaɗan-kaɗan, da dare, tunda daga waje ake kawo shi, ga tsada.