Hanyar Turai a fina-finan Sifaniyanci: darasi ga matasan Bibemi

A Bibemi, idan aka ce hanya, abin da ke zuwa zuciya shi ne titin da ke kai mutum Pitoa da Garwa, da motocin auduga, da garken shanun da ake korawa kasuwar Adumri. Amma yanzu akwai wata hanyar da samari ke hirarta a majalisa: wadda ke bi ta Najeriya, Agadas, Aljeriya, har Maroko. Masu fim da waƙa da harshen Sifaniyanci sun daɗe suna magana a kanta, kuma ya kamata mu saurara.

A wajensu tafiya makaranta ce. Fim ɗin Diarios de motocicleta na 2004 ya ba da labarin Ernesto Guevara, ɗalibin likita ɗan Ajantina, da abokinsa Alberto Granado, waɗanda suka hau tsohon babur a 1952 suka ratsa Kudancin Amurka. Sun ga wahalar masu haƙar ma'adinai da kutare, har Guevara ya dawo wani mutum daban. Waƙar fim ɗin, ta Jorge Drexler, ita ce ta farko da Sifaniyanci da ta ci kyautar Oscar, a 2005. Wannan ya yi daidai da karin maganarmu, tafiya mabuɗin ilimi.

To amma da zarar matafiyin ya zama baƙar fata, sai labari ya sha bamban. A 2007 Gerardo Olivares ya fitar da 14 kilómetros, wato faɗin mashigin Jibralta da ya raba Afirka da Sifaniya. Buba, bakanike ɗan Nijar mai burin zama ɗan ƙwallo, ya kama hanya da ɗan'uwansa Mukela, suka haɗu da Violeta, 'yar Mali da ta gudu daga auren dole. Sun ɓace a hamadar Tenere, Mukela ya mutu a can, Buzaye suka ceci sauran biyun.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Adú na Salvador Calvo, 2020, wanda ya ci kyaututtukan Goya 4. Yaro ne ɗan Kamaru mai shekara 6, ya ɓuya da yayarsa a ma'ajiyar tayar jirgin sama. Yarinyar ba ta kai ba. Jirgin kuma a Dakar ya sauka, sai yaron ya ci gaba har Melilla, garin Sifaniya da ke gaɓar Maroko, wanda aka kewaye da shingen waya. Tun 1998 mawaƙi Manu Chao ya yi waƙar Clandestino a kan baƙon da ba shi da takarda.

Kada wani ya ce ai fim ne kawai. Ran 6 ga Fabrairun 2014, aƙalla mutum 14 suka nutse a gaɓar Tarajal da ke Ceuta suna ƙoƙarin shiga da iyo, kuma akwai 'yan Kamaru a cikinsu. Ran 24 ga Yunin 2022, mutum 23 suka mutu a shingen Melilla, kamar yadda hukumomin Maroko suka tabbatar.

Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Fatauci da ci-rani da neman karatu ne suka kawo kakanninmu bakin kogin Binuwai. Sai dai su sun san madugun ayarinsu, sun san zango, sun san mai masauki. Yaron yau kuwa lambar wayar dillali kawai yake riƙe da ita, bayan an sayar da sa ko gona an biya.

Hotunan da ke zuwa ta Facebook na waɗanda suka tsallake ne kaɗai. Waɗanda rairayi ko teku suka cinye ba sa turo hoto. Iyaye, kafin ku sa wa yaro albarkar tafiya, ku zauna ku kalli ɗaya daga cikin fina-finan nan tare, sannan ku tambaye shi: wa zai karɓe ka a can, kuma da wace takarda?