Dokar Iska: Hadda Kaɗai Ba Ta Isa Ba

A rangadin da muke yi na makarantu, sau da yawa mukan iske yaro ya haddace PV = nRT sarai, amma in an tambaye shi asalinta sai ya yi zuru. Laifin namu ne, mu malamai, domin ba mu nuna masa hanyar da aka bi aka samo ta ba.

Dokar nan igiya ce mai tufka uku. A 1662 Robert Boyle ya nuna a Ingila cewa in zafi bai sāke ba, aka riɓa matsin iska biyu, filin da ta cika yakan koma rabi. Wanda ya toshe bakin famfon keke da yatsa ya danna, ya san wannan. Sa'an nan Charles, wani Bafaranshe, ya lura iska tana buɗewa gwargwadon zafinta, Gay-Lussac kuma ya buga bayanin a 1802. A 1811 Avogadro, mutumin Italiya, ya ce in zafi da matsi ɗaya ne, fili ɗaya yana ɗaukar ƙwayoyi daidai wa daida, ko wace irin iska ce.

To, ga haɗin. Fili, V, yana ƙaruwa da zafi, T, da yawan ƙwayoyi, n, yana raguwa da matsi, P. Watau in an buga P da V, aka raba da n da T, amsa ɗaya ake samu kullum, ita ce R. Clapeyron ne ya fara haɗa tufka biyun farko a 1834.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne zafi. Ba daga sifirin ƙanƙara ake ƙirga T ba, daga digiri 273 ne ƙasa da shi. Tayar mota da ta tashi daga digiri 27 zuwa 54 matsinta bai riɓa ba: daga 300 ne zuwa 327, ƙarin bai kai ushiri ba. A kuma faɗa musu dokar takan kauce in matsi ya tsananta, ko iska ta kusa zama ruwa.

Saboda haka muna roƙon malamai, kowa ya shiga aji da famfon keke kafin ya ɗauki alli.