Manhajar Sauti a Linux: Cikin Akwati ko a Fili?

A Linux, an saba girka manhaja ne daga rumbun tsarin da mutum yake amfani da shi. Mai Debian ko Ubuntu ya yi amfani da apt, mai Fedora da dnf, manhaja ta sauka ta jingina da tubalan da sauran manhajoji ke tarayya a kansu, wato laburare. Sai dai Debian kan yi kusan shekara 2 kafin ta fitar da sabon zubi, don haka manhajar haɗa sauti irin Ardour takan tsufa a hannun mai ita.

Flatpak, wanda ya samu wannan suna a 2016, ya ɓullo da wata dabara. Manhaja tana zuwa da nata tubalan a cikin akwati, an katange ta daga sauran kwamfutar sai inda aka ba ta izini. Snap na kamfanin Canonical ma haka yake a dunƙule.

Masu situdiyo da yawa na zaton akwatin yana jinkirta sauti. Ba haka ba ne, domin manhajar tana gudana kai tsaye a kan zuciyar tsarin, ba kwaikwayon wata kwamfuta ake yi ba. Idan ana ɗaukar samfur 48,000 a daƙiƙa, ana sarrafa 128 a lokaci guda, zagaye ɗaya bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, a akwati ko a fili. Haɗawa da JACK, mai kai sauti tsakanin manhajoji, shi ne ya taɓa wahalar da mutane, kuma PipeWire, mai irin wannan aiki, wanda Fedora 34 ta ɗauka a 2021, ya sauƙaƙa wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan ƙari, ƙananan manhajojin LV2 ko VST3 masu gyara murya da ƙara amsa-kuwwa. Ba su tsayawa da ƙafarsu, a cikin babbar manhajar ake loda su. Wanda ya girka nasa da apt, suna zaune a wurare irin /usr/lib/lv2, amma akwatin yana da nasa /usr daban. Ya buɗe Ardour na cikin akwati, jerin kayan ƙarin ya fito ba su ciki. Dole ya nemo waɗanda aka shirya musamman a Flathub, rumbun Flatpak, kuma ba duka ke can ba. Yabridge, mai shigo da kayan ƙarin Windows ta hanyar Wine mai gudanar da manhajojin Windows a Linux, ba ya aiki da manhajar da ke cikin Flatpak.

A ganina, mai gyaran shirin rediyo ko karatu zai ji daɗin akwati. Wanda kuwa ya tara kayan ƙari daga wurare dabam-dabam, girkawa a fili ta fi masa kwanciyar hankali.