Kafin Ka Sa Wa Talabijin Kyamara Don Kiran Gida

Duk wanda ya zauna a Kudu ya san nauyin kiran gida. 'Yan albasa da tumatir na gindin gadar Anaca, da mahautan Gariki a Inugu, da masu sauke doya da dabbobi a Oyigbo ta wajen Fatakwal, da yawansu iyali na Arewa, wani ma sai daga Sallah zuwa Sallah yake leƙawa. Saboda haka in mai shagon kayan lantarki ya ce maka da 'yar kyamarar nan za ka riƙa ganin Hajiya da yara a fuskar talabijin kamar kuna falo ɗaya, ba abin mamaki ba ne hannu ya tafi aljihu. Abin yana yiwuwa, amma ba a kowace talabijin ba, kuma akwai abin da ba za a faɗa maka a shago ba.

Kafar USB da ke bayan talabijin ba shaida ce cewa za ta karɓi kyamara ba. A yawancinsu an yi ta ne don filas na fina-finai da karatu. Abin da ke yanke hukunci shi ne tsarin da ke tafiyar da akwatin. Samsung na amfani da Tizen, LG na da webOS, Hisense da yawa na zuwa da VIDAA, sai kuma irin su Sony da TCL da galibi ke ɗauke da Android TV ko Google TV. Waɗannan na ƙarshe su suka fi yiwuwar gane kyamara, su ma sai an sami manhajar kira da ke aiki a kansu. Kyamara ba tare da manhaja ba ado ce kawai.

Su kuma kamfanoni ba su da alkawari a wannan harka. Akwai lokacin da ake tallar talabijin da tambarin Skype a jikin kwali, sai aka janye shi daga talabijin a 2016, sannan Microsoft ya rufe Skype ɗin gaba ɗaya a watan Mayun 2025. Facebook ya fito da na'urar Portal TV a 2019 musamman don wannan aiki, a 2022 ya daina yin ta. Wanda ya je babbar kasuwar Anaca ko kasuwar Ogbete ta Inugu ya sayi talabijin 'yar kwatano saboda ya ga tambarin Skype a jikinta, ya sayi abin da ya riga ya mutu.

Mu kuwa da WhatsApp muke kiran gida, kuma WhatsApp ba shi da manhajar da ya yi don talabijin. Nan ne ake cutar mutane. Wani yaron shago zai ce maka, "Alhaji, kawo in tura maka," ya ɗauko wata manhaja daga filas ɗinsa ya cusa, ya haɗa da lambarka. Ba ka san wanda ya ƙera ta ba, ba ka san inda take kai saƙonninka ba, alhali a wannan layin ake turo maka lambar sirri ta banki da lissafin lodi. Haka ƙananan akwatunan Android marasa suna da ake haɗawa da tsohuwar talabijin. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa da yawa daga irinsu na zuwa da muguwar manhaja a ciki, wadda ake kira BadBox, tun kafin a buɗe kwali.

Hanyar da ta fi sauƙi ba ta ma buƙatar sayen kyamara. Ka kira a wayarka kamar kullum, sai ka haska fuskar wayar a talabijin. A wayoyin Samsung sunan abin Smart View, a wasu kuma Cast. Ka jingine wayar a ƙasan talabijin tana kallonka, kyamararta ta yi aikin, kai kuma ka ga mutanenka a babban allo. Mai kwamfutar cinya zai iya haɗa ta da talabijin da wayar HDMI. A rage ƙarar talabijin kada murya ta riƙa amsa-kuwwa, kuma kada a zauna taga na bayanka, don duhu kawai za su gani. In kuwa ka dage sai kyamara, to a jona ta a shago a jikin irin talabijin ɗinka, a yi kira kana tsaye, kafin kuɗi ya bar hannunka.

Abin da ya fi damuna ba asarar kuɗin kyamara ba ne. Waya fuskarka take nunawa, kuma kana iya juya ta. Kyamarar da ke saman talabijin kuwa ɗaki take ɗauka daga kusurwa zuwa kusurwa. A masaukan 'yan kasuwarmu na Kudu ɗaki ɗaya na iya ɗaukar mutane da yawa: wannan na ƙirga cinikin yini, wancan ya fito daga wanka, wani na waya kan motar da za ta taso daga Arewa da dare da hanyar da za ta bi. Duk wannan yana shiga kiran, kuma wanda ke ɗaya gefen yana iya naɗa ba tare da kowa ya sani ba. Ba ka nemi izinin abokan zamanka ba kafin ka nuna su.

A gida ma haka ne, ko fiye. Mutum zai sayi talabijin da kyamara ya aika wa iyali a Kano ko Sakkwato, a kafa a falo. Gidan da baƙo ba ya wuce zaure sai da sallama, ga shi an buɗe masa ido a tsakar ɗaki. Maigida na magana daga Inugu, abokansa na bayansa suna kallon allo, ita kuma uwargida ko ƙanwarta ta gifta ba mayafi don ba ta san da su ba. Duk wanda zai kira a babban allo ya fara faɗin su wa ke tare da shi. Wannan ladabi ne da muka sani, na'ura ba ta soke shi ba.

Ko ba a kira, talabijin mai intanet tana da kunne. A 2017 hukumomin Amurka suka ci tarar kamfanin Vizio dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan abin da mutane ke kallo a talabijin miliyan 11 ba da saninsu ba. A 2019 ofishin FBI na birnin Portland ya ba da shawarar cewa wanda bai iya kashe kyamarar talabijin ɗinsa ba ya liƙa mata baƙin salatif. Tamu da ake jonawa ta fi sauƙi: an gama magana, a zare ta.

Sai batun data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. In ka ba talabijin intanet daga wayarka, ba kiran kaɗai take ci ba, tana sabunta manhajojinta a ɓoye. A shiga saituna a kashe sabuntawa da kanta, a cire haɗin bayan kira.

In kuma talabijin ɗin ta ɗakin haɗaka ce, kada ka bar asusunka na Google a buɗe a kanta. Ranar da za ka sayar da ita, ko ka bar wa wani don za ka koma gida, ka fita daga kowane asusu, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, sannan ka duba cikin WhatsApp ɗinka wajen na'urorin da aka haɗa, ka cire duk wadda ba ka gane ba.