Divya Deshmukh: Budurwar Nagpur Da Ta Zama Babbar Gwanar Shaɗaranji

Masana tarihi sun tafi a kan cewa wasan shaɗaranji, wanda Turawa ke kira ces, a ƙasar Hindu aka ƙage shi wajen ƙarni na 6 na Miladiyya, daga nan ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi bayan futuhat, har ya bunƙasa a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, inda irin su as-Suli suka wallafa littattafai a kansa. Allo ne mai gida 64, kowane ɓangare da mayaƙa 16, ba ƙuri'a a cikinsa, ba sa'a, sai tunani da haƙuri da hangen abin da abokin karawa ke ƙullawa. To, ga shi bayan ƙarnoni masu yawa wasan ya sake yin ƙarfi a mahaifarsa, kuma daga cikin waɗanda suka ɗaga tutarsa akwai wata budurwa mai suna Divya Deshmukh.

An haife ta ranar 9 ga Disamba 2005 a birnin Nagpur na jihar Maharashtra, mahaifinta da mahaifiyarta duka likitoci ne. Tun tana 'yar shekara biyar aka zaunar da ita gaban allo, ba a jima ba alamun hazaƙa suka bayyana, domin a 2012 ta ci gasar ƙasa ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara bakwai, a 2014 ta ci ta duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da goma a Durban, sannan a 2017 ta ci ta 'yan mata 'yan ƙasa da sha biyu a Burazil. Sai dai yaran da ke haskawa da wuri suna da yawa, waɗanda haskensu ke ɗorewa kuwa kaɗan ne, saboda haka jarrabawa ta haƙiƙa sai da ta shiga sahun manya. A 2022 ta zama zakarar matan Indiya, a 2023 ta zama ta Asiya, kuma a cikin shekarar dai aka gayyace ta gasar Tata Steel ta Kalkata a ƙurarren lokaci don ta cike gurbin wata, tana mafi ƙarancin maki a cikin mahalarta, amma ta ƙare a kan gaba a wasan sauri na mata.

A watan Janairu na 2024, bayan gasar Wijk aan Zee a ƙasar Holan, ta yi wata magana da ta fi kowace lambar yabo jan hankalin jama'a. Ta rubuta cewa ta buga wasannin da take alfahari da su, amma 'yan kallo da masu sharhi suka bar wasan, suka koma kan tufafinta da gashinta da lafazinta, alhali takwarorinta maza da aikinsu kaɗai ake auna su. Ba ta nemi sassauci ba, ba ta nemi a fifita ta ba. Adalci ta nema, wato a dubi allo. Ba ta kuma tsaya ga ƙorafi ba, sai ta kafa hujja da aiki: a watan Yuni ta ci gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara ashirin da maki 10 cikin 11, a Satumba kuma, a babbar gasar ƙasashe ta Budapest, ta taimaki tawagar matan Indiya ta ci zinariya karon farko a tarihi, ita ma ta samu tata ta kanta.

Ƙololuwar al'amarin ta zo a Yuli 2025 a birnin Batumi na ƙasar Jojiya, a gasar Kofin Duniya ta mata, wadda duk wadda aka kayar sai gida. Divya ta shigo a matsayi na 15, ta fitar da Zhu Jiner ta Sin, ta fitar da 'yar ƙasarsu Harika Dronavalli, ta fitar da Tan Zhongyi wadda ta taɓa riƙe kambun duniya, har ta iske Koneru Humpy a wasan ƙarshe. Humpy kuwa, mai shekara 38, ita ce macen Indiya ta farko da ta zama Girandimasta, wato babban gwani, tun 2002, kafin a haifi Divya. Suka yi canjaras sau biyu a dogon wasa, suka sake yi a na sauri na farko. A na biyu, Divya na riƙe da baƙaƙen mayaƙa, agogo ya matsa wa Humpy, ta yi kuskure a ƙarshen wasa, yarinyar ba ta saki ba. Da aka miƙa hannu, ta tashi ta rungume mahaifiyarta tana hawaye.

A ƙa'idar FIDE, hukumar shaɗaranji ta duniya, muƙamin Girandimasta yana buƙatar shaidar gwaninta uku daga manyan gasa da kuma maki 2,500, amma wadda ta ci wannan kofi kai tsaye ake naɗa ta. Ta haka Divya, tana da shekara 19, ta zama Girandimasta ta 88 a Indiya, ta huɗu a cikin mata.

Wanda ya ji labarin Batumi kaɗai zai ɗauka dare ɗaya abin ya faru, alhali shekara goma sha huɗu ke bayansa, na iyayen da suka ɗauki nauyin tafiye-tafiye, da malaman da suka yi tarbiyya, da magabata irin su Viswanathan Anand da Humpy da suka share hanya. Haƙƙi ne a kan iyaye da malamai, idan Allah ya ba 'yarsu basira a wani fanni mai amfani, su raya ta da haƙuri, a kan jama'a kuma su auna ta da ma'aunin da suke auna ɗan'uwanta.